An sayar da kare an sayi biri: yadda na sake ɗaure allon fedalolina

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yaya ya sauka daga Ingila shekaranjiya, kuma bai manta da saƙona ba. Fedal biyu ya kawo, wato ƙananan na'urorin sauya sautin jita da ake takawa da ƙafa, duka na hannu: El Capistan na kamfanin Strymon, mai maimaita sauti kamar tsohon rikoda mai zare, da wani tsohon RAT na kamfanin Pro Co, mai sa sauti ya yi kaushi sosai, wanda fentinsa ya koɗe a kusurwa. Na farkon na fi shekara biyu ina mafarkinsa. Na biyun kuwa Yaya ya ce a shago ɗaya ya gan shi, mai shagon ya yi masa ragi, shi ne ya haɗo.

Allon da nake hawa biki da shi shekara shida ke nan bai sauya ba. Katako ne a cikin akwati mai murfi, faɗinsa santimita 45. Fedaloli huɗu ne a kai, duka na kamfanin Boss, jere daga dama zuwa hagu yadda sautin jita yake bi: TU-3 na saita tsirkiya, SD-1 mai sa sauti ya ɗan yi kaushi, CH-1 mai sa jita ɗaya ta yi kamar biyu, sai DD-7 mai amsa-kuwwa. Girmansu ɗaya, milimita 73 faɗi, 129 tsawo. Ramin shiga a gefen dama, na fita a gefen hagu. Don haka ban taɓa sanin ana wahalar waya ba. Gajerun ƙarafa biyu masu kai biyu da guntuwar waya ɗaya, shi ke nan an haɗa su kamar taragon jirgin ƙasa.

Niyyata a daren nan in cire SD-1 in sa RAT, in cire DD-7 in sa El Capistan. Na ce wa matata minti goma ne. Da na juya sababbin sai na ga gefunansu a shafe, ko rami ɗaya babu. Ramukan duk a goshi suke, wato ɓangaren da ke kallon jama'a. Ƙarafana ba inda za su shiga. Guntuwar wayar ma ba ta kai ba, saura kamar yatsu huɗu.

Akwai bikin da muka karɓi kuɗin kamu a Unguwar Rimi ranar 30 ga wata. Lokacin da nake da shi ke nan.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na shiga babbar kasuwa bayan la'asar, na sayo wayoyi huɗu a wajen masu kayan lasifika. Masu miƙaƙƙen kai kawai gare su, mafi gajarta rabin mita. Na ce a haka ma an rage.

Sauti ya fito, kuma ba ƙarya, El Capistan ya ci sunansa. Na fi awa ɗaya ina kaɗa salon mutanen Agadas ni kaɗai, sautin yana dawowa da ɗan rawa-rawa kamar kaset ɗin da ya sha rana. Amma da na zo rufe akwati sai murfi ya ƙi. Miƙaƙƙen kai idan ya shiga goshin fedal yana turo jiki waje wajen santimita 6, kafin ma wayar ta fara lanƙwasa. Ni kuwa abin da ke tsakanin fedal da bangon akwati bai kai santimita 4 ba. Na ɗan danna murfin da gwiwa, sai na ji wani abu ya ce ƙas, na ɗaga da sauri. Allah ya rufa asiri, robar kan wayar ce ta tsage, ba ramin fedal ba.

Wani abu kuma da na gano ina kwance tsofaffin ƙarafan: notin ramin fita na TU-3 ya saki, har yana juyawa da yatsa. Laifin ƙarfen haɗin ne, ko in ce laifina da na zaɓe shi. Ƙarfe ba ya lanƙwasa. Duk sanda na taka fedal ɗaya ya ɗan nutse, maƙwabcinsa bai nutse ba, ramin ne yake shan nauyin. Shekara shida yana sha a hankali. Na ɗaure notin, na jefa ƙarafan a gwangwanin tarkace.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Bayan masallaci na kai wa Baba mai gyaran rediyo a Tudun Wada duka kayan. Tun ina yaro shi yake gyara mana rikoda, kuma shi ya koya mini riƙe ƙarfen narka dalma. Ya juya RAT ɗin a hannu, ya auna nauyinsa, ya ce, "Wannan ko an jefe kare da shi sai ya suma." Sannan ya leƙa ramin wutarsa ya ce, "Yaro, da me za ka ba shi wuta?"

Ni ban ma lura ba, don da batir na gwada shi a gida. Yawancin fedalolin yau tsarin Boss suke bi: bolt 9, kai mai kamar bututu, kaurinsa milimita 5.5 daga waje, raminsa 2.1, negetif a tsakiya, fositif a jikin waje. Tsofaffin RAT kuwa ramin wutarsu irin na abin sauraren kunne ne, milimita 3.5, kuma fositif ne a tsinin. Tsofaffin fedalolin kamfanin Electro-Harmonix ma haka suke. Sai an yi masa guntuwar waya mai juya tsarin: jikin wajen bututu ya tafi tsini, tsakiyarsa ta tafi gindi.

Baba ya haɗa ta a gabana, ya ɗora mitar auna wuta a kai sau biyu kafin ya yarda a soka. Ya kuma ja mini kunne: "Kada ka soka wannan ɗan kan alhali wuta tana kunne. Yayin da yake shiga, tsini da gindi suna iya taɓa ƙarfe ɗaya lokaci guda, ka ga an haɗa fositif da negetif ke nan. Soka tukuna, sannan ka kunna." Na ce, "To Baba." Ya ce, "Ba to Baba ba, rubuta a jikin akwatin." Na rubuta da maka.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ban taɓa komai ba. Suna a gidan ƙanwata.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Saƙon Legas ya iso ta tashar mota: waya mita 5 da kawuna goma sha biyu irin shafaffun nan masu gwiwa, waɗanda kansu yake zagayayye kamar kwabo. Ni dai 'yan kwabo nake ce musu. Amfaninsu ba sa turo jiki waje, santimita ɗaya da ɗoriya kawai, don haka murfi zai rufu, fedaloli kuma su matsu kusa da juna.

A gefen TU-3 da CH-1 sun zauna ɗas kamar don su aka yi. A goshin El Capistan ne aka yi ta. Faɗinsa inci 4 ne kawai, kuma a wannan ɗan filin aka jera ramin shiga, ramin ƙarin matakin ƙafa da ake sarrafa shi da shi, ramukan fita biyu na hagu da dama, ga na wuta. Ɗan kwabo faɗinsa ya kusa santimita 2. Idan na sa ɗaya a ramin fita na hagu, gefensa ya hau kan bakin na dama. A yau da amfilifaya ɗaya nake kiɗa, ba damuwa, amma dalilin da ya sa na so wannan fedal har da ranar da zan raba sautinsa gida biyu. Sannan ga inda wutsiyar za ta kalla. Ta kalli sama, ta tokare murfi. Ta kalli ƙasa, ta tokare katako ta ɗaga fedal ɗin. Ta kalli gefe, ta bi ta kan ramin maƙwabci.

Na zauna ina kallonsu kamar mai wasan dara. Abin da ya fi ba ni haushi, da na ɗauki tef na awo na minti biyu kafin in tura kuɗi, da na san haka. Hoto na kalla a waya na ce ya yi.

Wannan rikici na gefe da goshi bai ma kai na wasu ba. Wani abokin kiɗa a Jos yana da wani fedal, Big Muff ƙirar Rasha, wanda ramin shigarsa yake hagu, na fita yake dama, akasin na kowa. Wayoyinsa sai sun gitta juna kamar zanen gicciye. Da na ba shi labarina dariya ya yi ta yi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na koma kasuwa neman masu gwiwa masu siririn kai. Na samu guda shida a wani shago can ciki, na yi murna, na dawo na yi wa biyu dalma. Na soka ɗaya a TU-3, wanda na sa wa batir don gwaji, sai fitila ta ƙi kamawa. Na sauya batir, shiru. Na soka tsohuwar wayar jita, fitila ta kama tar.

Da na kai kan kusa da ido sai na ga zobe biyu baƙaƙe a jikinsa, ba ɗaya ba. Na sitiriyo aka ba ni, mai gaɓa uku: tsini, zobe, gindi. Na jita gaɓa biyu ne. Kuma ramin shiga na irin waɗannan fedaloli shi ne makunnin batir. Negetif ɗin batir yana manne da harshen da ke taɓa wurin zobe, kai mai gaɓa biyu idan ya shiga, doguwar gindinsa ce take haɗa harshen nan da jikin fedal, wuta ta zagaya. Shi ya sa duk wanda ya bar waya a soke ya kwana yake tarar da batir ya mutu. Kai mai gaɓa uku kuwa zobensa a ware yake, ba ya haɗa komai.

Gyaran ba wuya. Na buɗe su, na haɗa ƙafar zobe da ta gindi da ɗigon dalma, suka koma kamar masu gaɓa biyu. Amma awa biyu ta tafi kafin in gane, kuma har na fara zargin fedal ɗin da bai ji ba bai gani ba.

Tsarin da na tsaya a kai: 'yan kwabo a duk ramin da ke gefe, sirara masu gwiwa a duk ramin da ke goshi. Kowace waya kanta biyu iri daban-daban. Tsawon kuma ba na ƙiyasta shi da ido yanzu. Igiyar takalmi nake bi da ita daga rami zuwa rami ta hanyar da wayar za ta kwanta, in ƙara santimita 2, in yanka. Da wani abu da ban taɓa tunani ba: kafin a narka dalmar kai na biyu sai an duba inda gwiwarsa take kallo dangane da ta farko. Waya mai santimita 15 ba ta murɗuwa. Idan gwiwa ɗaya ta kalli gabas ɗaya ta kalli sama, haka za su zauna har abada, ko kuma ta yi ta jan ramin a hankali. Guda ɗaya sai da na kwance na sake.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Wannan ce ranar da ta fi ci mini rai, don haka zan rubuta ta dalla-dalla.

Wayoyi uku sun kammala, na gwada kowace da mita: tsini zuwa tsini ta yi ƙara, gindi zuwa gindi ta yi ƙara, tsini zuwa gindi shiru. Daidai ke nan. Na haɗa allo, na kunna. Sauti ya fito amma kamar an rufa wa lasifika bargo. Ƙarfinsa ya ragu, kaifin sama ya tafi. Na soka jita kai tsaye a amfilifaya, garau. Na mayar ta allo, bargo ya dawo.

Farko na zargi RAT, tunda na san idan an kashe shi sauti yana bi ta cikinsa ne kawai ba tare da an ƙarfafa shi ba, kuma waya mai tsawo tana shanye kaifin sauti, kowace mita da nata rabon. Amma TU-3 ne a gaba, shi kuwa ko a kashe yake yana tura sauti da ƙarfinsa, don haka bai kamata tsawon waya ya dame ni ba. Kuma duka wayoyin ukun ba su kai mita ɗaya ba in an haɗa. Na cire RAT daga layi, bargo yana nan. Na cire CH-1, yana nan. Har sha biyun dare ina cirewa ina mayarwa, matata ta leƙo ta ce, "Malam, minti goman nan naka ba su cika ba har yanzu?"

Da safe na kai wa Baba. Bai ko kunna amfilifaya ba. Ya murɗa mitarsa daga wurin ƙara zuwa wurin auna turjiya, ya ɗora a tsini da gindin waya ta farko, ba ta nuna komai ba. Ta biyu, haka. Ta uku, wadda ke tsakanin TU-3 da RAT, sai lambobi suka fito. Ya ce, "Ga ɓarawonka."

Ya kwance kan, ya miƙo mini gilashinsa na ƙara girma. Wayar jita hawa-hawa ce: roba ta waje, sai saƙar tagulla mai kewaye, sai wata siririyar baƙar fata, sai farar roba, sai zaren tsakiya. Ni na ɗauka baƙar fatar nan roba ce kamar kowace. Ashe tana ɗan ɗaukar wuta, an sa ta ne don ta hana waya yin ƙaraf-ƙaraf idan an taka ta ko an ja ta a ƙasa. A wannan kan ban feɗe ta baya ba, bakinta ya zo har ya taɓa dalmar tsakiya. Sauti yana zurarewa ta nan zuwa gindi, ba duka ba, kaɗan-kaɗan. Yoyon bai kai ya sa mita ta yi ƙara ba, amma ya isa ya kashe sauti.

Baba ya sa farce ya kankare ta baya kamar milimita 3, farar robar ta fito fes. Ya sake ɗiga dalma, bai fi ƙiftawar ido biyu ba ya ɗauke ƙarfen. Ya ce nawa hannun yana daɗewa, shi ya sa farar robar take narkewa tana ja da baya. Sannan ya yanki ɗan baƙin salatef ya liƙa a cikin murfin ɗan kwabon, don wurin matsattse ne, in an ɗaure sukurori murfin yana iya sauka a kan dalma. Na biya shi, ya mayar mini da rabi, ya ce in sayi gilashi.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Saura wuta. Da can adafta ɗaya ce take ciyar da duka huɗun ta waya mai rassa. A jikinta an rubuta miliamfiya 300. SD-1 da ire-irensa abin da suke ci bai taka kara ya karya ba, amma El Capistan shi kaɗai yana neman 250. Ya kama dai, sai dai da na taka RAT sai wani siririn fito ya taso a lasifika, kamar kukan sauro a kunne. Kwamfuta ce ƙarama a cikin El Capistan, hayaniyarta tana bin wayar wuta ta shiga maƙwabta, RAT kuma aikinsa ke nan ya kumbura duk abin da ya samu.

Mai gangarmu ya aro mini wani akwatin raba wuta mara suna, an rubuta a jikinsa cewa kowace kafa a ware take. Baba ya ɗora mita a tsakiyar kafa ta ɗaya da ta biyu, ta yi ƙara. Ta ɗaya da ta biyar, ta yi ƙara. Ya ce, "Waya mai rassa ce aka sa wa riga." Na mayar wa mai shi da godiya.

Mafita dai adafta ta biyu, El Capistan ya ci shi kaɗai. A nan ma sai da aka yi taka-tsantsan. Adaftocin da suka cika kasuwa na dikoda ne da na'urar intanet, yawancinsu bolt 12, fositif a tsakiya, kuma kansu yana shiga ramin fedal lafiya lau. Shigar ba ta nufin komai, hayaƙi ne zai biyo baya. Wata tsohuwa mai nauyi da aka rubuta wa bolt 9, da Baba ya auna ta ba kaya a kanta, 13 ta nuna. Muka ajiye ta. Muka samu wata mara nauyi da ta tsaya a 9 cif, Baba ya yanke kanta ya juya wayoyin, negetif ya koma tsakiya.

Sai kan da muka sa ya zama mai ramin 2.5 ne, ba 2.1 ba. Daga waje ba mai bambance su, kaurinsu ɗaya. Yana shiga, fitila ta kama, amma in an taɓa allo da ƙafa ta ɗauke ta dawo. Baba yana da dabara: ya ciro wani tsohon soket mai ƙusar 2.5 daga gwangwaninsa, duk kan da ya shige shi to ba namu ba ne. Cikin biyar da na saya a leda ɗaya, uku suka shige. Na huɗu ya ƙi, shi muka sa.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Na je Panteka aka yanka mini siririn katako aka ɗaga bayan allon da santimita 3, adaftoci biyu da ragowar waya suka shige ƙarƙashi. RAT ya ƙi zama a kan Velcro, ƙyallen nan mai mannewa, saboda ƙafafunsa na roba da sukurun murfin batir da ke turowa a ƙasa. Ban so in kwance masa komai ba, sai na huda katako na ɗaure shi da igiyar roba mai haƙora guda biyu. Ba kyan gani, amma na kifa allon na girgiza, ko motsi. Murfi ya rufu ba tare da gwiwa ba.

Lahadi, 1 ga Disamba

An yi biki jiya. Awa uku a kan janareta, ƙurar hunturu har a haƙori, allo bai yi tari ko sau ɗaya ba. Matsala ɗaya aka samu, wani yaro ya zo liƙi ya taka doguwar wayar jita ta fizge daga TU-3, don na manta ban zagaya ta ta hannun akwati ba. Na mayar a tsakiyar waƙa, mai ganga ya rufe mini.

Bayan an tashi, mai kiɗan ɗaya ƙungiyar ya zo ya tsuguna yana kallon allon, ya ce yana da Cry Baby, babban fedal mai sa jita ta yi kukan wa-wa, da yake son rabuwa da shi, ko musaya da DD-7 ɗina da ke zaune a gida. Na ciro tef daga aljihun akwati na auna abin da ya rage a gefen dama: santimita 5 da rabi. Na ce ya kawo shi ranar Laraba in gani, amma a ƙasa zai zauna, kuma ya taho da wayarsa. Ni abin da ya rage mini 'yan kwabo tara ne, da sirara uku, da waya mita huɗu.